NAZARI: Abin da ake binnewa a ƙarƙashin gadojin Funtuwa da Malumfashi

Kudancin Katsina ne rumbun jihar. Masara da dawa da waken suya da audugar da ake nomawa a Funtuwa, Bakori, Danja, Ƙafur da Malumfashi, a bayan manyan motoci suke barin yankin, kuma babu motar da za ta tashi daga kasuwar Dandume ta kai Zariya ko Kano ba ta taka gada ko kwalbati ba. Nauyin kuwa ƙaruwa zai yi, ganin an buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa a watan Mayun 2024, ga kuma aikin mayar da hanyar Zariya zuwa Funtuwa, Gusau da Sakkwato ta zama tagwaye.

Idan ana muhawara kan irin waɗannan ayyuka, a kan kuɗin kwangila da ranar kammalawa ake tsayawa. Ba kasafai ake tambayar a kan me gadar take tsaye ba.

Yankin tudu ne. A kusa da Funtuwa Kogin Sakkwato yake da tushe, ruwan sama kuma yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, akasarinsa cikin watanni huɗu. Ƙoramar da yara ke wasa a yashinta da rani, ita ce ke cika ta batse a Agusta. Idan ruwa mai gudu ya bugi ƙafar gada, sai ya yi ta juyi yana kwashe ƙasar da ke gindinta. Harsashin da aka shimfiɗa kusa da doron ƙasa ba ya jure wannan. Haka gadar Schoharie ta jihar New York a Amurka ta rufta ranar 5 ga Afrilu, 1987, mutum 10 suka mutu.

Maganin da injiniyoyi suka daɗe da sani shi ne turken kankare. Ana haƙa rami mai kama da rijiya, faɗinsa mita ɗaya ko biyu, zurfinsa ya wuce iyakar inda ruwa zai iya rarake ƙasa. Sai a zura kejin rodi, a cika shi da kankare. Ba ko'ina ake buƙatarsa ba. Inda fa ya fito fili, harsashi a kan dutsen ya fi sauƙi da arha. Amma a fadama da bakin ƙorama, inda laka da yashi suka yi kauri, da wuya a kauce masa.

Ta hanya biyu turken yake ɗaukar kaya. Ta farko ita ce riƙon da ƙasa ke yi wa jikinsa, kamar yadda take riƙe turken da aka ɗaure sa. Ta biyu ita ce tokarar da gindinsa ke yi a kan abin da ya sauka a kai. Ba tare suke kama aiki ba. Riƙon gefe yana cika tun turken bai nutse da santimita ɗaya ba, alhali a ƙasar da ba dutse ba, gindi ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai turken ya sauka da kusan kashi 5 cikin 100 na faɗinsa, wato santimita 5 ga mai faɗin mita ɗaya. Saboda haka a ranakun lafiya, gefe ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Ranar da ambaliya ta kwashe mita uku ko huɗu na ƙasar sama, riƙon wannan sashe ya tafi, nauyi ya gangara ƙasa, sashen da ya tsiraita kuma ya zama sanda a tsaye, ruwa na tura shi. A ranar ne ake sanin ko an share gindin ramin kafin zuba kankare, ko kuwa a kan taɓo aka zuba.

Ƙasar kudancin Katsina tana da nata tarkon. Sama jar ƙasa ce da marmara, ƙasa da su ruɓaɓɓen dutse, sannan ainihin dutsen. Masu haƙar burtsatse sun san yadda abin yake: a nan a tarar da dutse kusa, a matsa kaɗan a yi ta nutsawa. A cikin ruɓaɓɓen kuma akwai manyan curin duwatsu da ba su haɗe da komai ba. Injin haƙa kan ci karo da ɗaya, a ɗauka an iso, a tsaya. Shi ya sa gwajin ƙasa guda ɗaya ba ya isar gada. Kowace ƙafa tana buƙatar nata, a huda dutsen har a tabbatar ba curi ba ne. Wannan gwaji kuwa shi ne abu na farko da akan rage idan kuɗi ya yi ƙaranci, domin babu mai ɗaukar hotonsa.

Zuba kankaren ma da ƙa'ida. A ramin da ke da ruwa, ta cikin bututu ake zuba shi daga ƙasa zuwa sama, bakin bututun na nutse a cikin kankaren har a gama. Idan aka zare shi da wuri, ko motar kankare ta makara, laka kan shiga tsakani ta raba turken biyu, sama kuma lafiya lau.

Akwai ɓangaren da ba na ɗan kwangila ba. Tifofin da ke ɗibar yashi kusa da gada suna yin aikin ambaliya ne a hankali. A Fotugal, gadar Hintze Ribeiro ta faɗi a Maris na 2001, mutum 59 suka halaka, ɗibar yashi na cikin dalilan da aka gano. A nan gida, Ministan Ayyuka David Umahi ya danganta lalacewar turakun Gadar Third Mainland ta Legas da wannan sana'a. Hana ɗibar yashi a gindin gadojin karkara ba ya buƙatar biliyoyi, ƙananan hukumomi da masu unguwanni na iya tsayawa a kai.

Tunda ido ba ya kaiwa ga turke, takarda ce shaidarsa. Kowane rami yana da rajistar da ke nuna irin ƙasar da aka ratsa, zurfin da aka kai, da yawan kankaren da ya shiga. Idan bai kai lissafin girman ramin ba, akwai matsala. Akwai kuma sakamakon gwajin sauti da ke tona gurbi a cikin kankare, da na ɗora wa turke nauyi a auna nutsewarsa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai neman irin waɗannan takardu, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Ƙungiyoyin matasan Funtuwa da Malumfashi da ke bibiyar ayyukan mazaɓu na iya rubuta wasiƙar tun injin haƙa yana bakin ƙorama, lokacin da gyara bai wuce a ƙara zurfin rami ba.