Filin Mata: In Mota Ta Tafasa a Hanya

Yau za mu bar madafa mu leƙa cikin injin mota. Wata za ta ce, ina ruwan mace da inji? To, da ruwanta ƙwarai. Duk mai bin hanyar Gusau zuwa Tsafe da bazara ta sha ganin mota tsaye a gindin Dutsen Kwatarkwashi, an ɗage bonet, tururi na tashi. Su wa ke zaune bakin titi cikin rana da goyo? Mu ne. Kuɗin gyara kuwa sau da yawa daga na cefane ake yanko shi. Ga shi kuma hanyar nan ba inda za ki so magariba ta same ki a tsaye ba ne, kun dai san halin da ake ciki.

Ku sani inji wuta yake ci kamar murhu. Ruwa ke zagayawa cikinsa yana kwaso zafi, ya kai lagireto, can iska ta fifita shi kamar yadda kike fifita wa yaro kunu, sa'an nan ya koma. 'Yan makaranta sun san ruwa yana tafasa a digiri 100. Inji mai lafiya yana aiki wajen 90, murfin lagireto kuma yana danne ruwan, ba ya tafasa sai wajen 120. Ga zafin Afrilu a ƙasarmu yakan kai 40. Kun ga ke nan abu kaɗan zai lalace ruwa ya tafasa.

In allurar zafi ta doshi ja, ko jar fitila ta kama, a sauka gefen titi a kashe inji. A fitar da yara inuwa, nesa da gaban mota. Kada kowa ya taɓa murfin lagireto sai an yi aƙalla rabin sa'a, domin ruwan da ke danne zai yi tsiri ya wanke fuskar mai buɗewa. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi. Kin san abin da ke samun kofin gilashi mai zafi in an zuba masa ruwan randa. Haka kan inji ke tsagewa.

Bayan ya huce, sai a bi sawun cutar kamar yadda malamar asibiti ke tambaya, yaushe abin ya fara?

Na farko, ruwa. A nannaɗe murfi da tsumma a buɗe a hankali. In ruwa ya yi ƙasa, to, ina ya tafi? Leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo. Duba tiyo ko ya tsage ko ya kumbura, duba robar murfi ko ta cinye. Ƙara ruwa kullum ba gyara ba ne, ɗiban ruwa ne da kwando.

Na biyu, iska. In mota tana zafi ne a tsaye, ko a cunkoson tasha, amma da ta hau titi ta miƙe sai ta huce, to, fanka ce ba ta juyawa. Sau da yawa ɗan fiyus ne ko waya ta saki, kuɗinsa kaɗan.

Na uku, in akasin haka ne, wato sai an yi gudu ko an labta kaya take zafi, a zargi lagireto. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna toshe saƙarsa ta waje. Ta ciki kuwa ruwan rijiya ne ke barin farin ɓawo, irin wanda kike gani a gindin butar shayi. Shi ya sa ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa ya fi, yana kuma hana tsatsa.

Na huɗu, abin da ke tura ruwa. A motoci da yawa fanbel ke juya famfon ruwa. In ya tsinke, fitilar batir takan kama, nan da nan zafi ya hau. In ya yi sako-sako, za ki ji yana ƙara kamar kukan ɓera.

Na biyar, akwai wata 'yar ƙofa a bakin inji, tamostat, mai buɗe wa ruwa hanya in ya ɗau zafi. In ta maƙale a rufe, mota za ta yi zafi jim kaɗan bayan tashi, lagireto kuwa da sanyinsa. Wasu bakanikai sukan cire ta su yar. Sauya ta ya fi, gama inji marar ita yakan daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai.

Na ƙarshe shi ne babban ciwo, ƙonewar gasket. Alamunsa farin hayaƙi mai kauri daga salansa, ruwa na ƙarewa ba ɗigo a ƙasa, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Wannan sai gareji. Galibi kuwa ba shi ke fara zuwa ba. Taurin kan a lallaɓa a ƙarasa Gusau ne ke jawo shi.

In tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. Ba manja, ba ƙwai, ba man goge baki.

Kada kunya ta hana ki magana. In kin hango allura ta hau, ce, "Malam direba, don Allah dubi allurar zafin nan." In motar gida ce, tun da safe kafin a tayar, ki ce, "Maigida, an duba ruwa da baƙin mai kuwa?" Ki sa a ajiye galan na ruwa da tsumma a but. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. In mota ta nuna alama tun a gida, a fasa tafiyar, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya kiyaye mana hanya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.