Waiwaye: Bindigar Garand da Harsashin Zamaninta

A shekarar 1932, lokacin da aikin ƙera wa sojan Amurka sabuwar bindiga ya yi nisa, shugaban hafsoshin sojan ƙasa Janar Douglas MacArthur ya taka birki. Bindigar da John Garand ya zana a ma'aikatar makamai ta Springfield, a jihar Masacusat, an gwada ta da wani ƙaramin harsashi mai suna .276 Pedersen, masu gwaji kuma sun yaba. MacArthur ya ce ba za ta saɓu ba: rumbunan gwamnati cike suke da harsashin .30-06, ba kuma za a zubar da su saboda sabuwar bindiga ba. Haka Garand, haifaffen Kibek ta ƙasar Kanada, ya koma kan samfurinsa mai cin babban harsashi. A 1936 soja suka karɓe ta da sunan M1. Kafin a daina ƙera ta a shekarun 1950 an yi sama da miliyan 5, ta ga Yaƙin Duniya na Biyu, ta ga na Koriya.

Wanda duk zai cika wa wannan bindiga harsashi da hannunsa a yau, daga nan ya kamata ya fara. Harsashin ne ya riga ta zuwa duniya, ita aka yanka daidai jikinsa.

Masu wannan sana'a suna da yawa a Amurka, inda doka ta yarda mutum ya cika harsashin da zai harba da kansa (a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta rufe wannan ƙofa, kada wani ya ji labari ya ɗauka gayyata ce). Wata hukuma mai suna CMP, wadda majalisar ƙasar ta kafa a tsarinta na yanzu a 1996, tana sayar wa 'yan ƙasa tsofaffin Garand, da yawansu waɗanda aka dawo da su daga ƙasashen da aka bai wa aro irin su Girka da Filifin. Shekaru da dama ana samun ragowar harsasan soja da araha, musamman na Girka masu tambarin HXP. Da suka yi ƙaranci sai mutane suka rabu biyu: wasu suka nufi kanti suka sayi harsashin farauta, tun da sunansa ɗaya ne, .30-06, wasu suka sayi injin matsa kwanso da sikeli suka zauna cikawa. Duka biyun suna iya faɗawa rami guda.

Ga ramin. Garand tana ɗana kanta ne da hayaƙin albarushi. Kusa da bakin bututun akwai wata 'yar huda. Idan harsashi ya wuce ta, wani kaso na hayaƙin da ke tura shi yakan bi ta hudar ya daki kan wata doguwar sandar ƙarfe da ke kwance ƙarƙashin bututun. Sandar ta ja da baya, ta buɗe sakata, ta tofar da kwanson da aka harba, sifirin ya maido ta da sabon harsashi. Sau takwas ke nan, sannan mariƙin harsasan ya yi tsalle waje da ƙarar nan tasa da kowa ya sani. Sandar siririya ce, doguwa, kuma da gangan aka yi mata 'yar lanƙwasa domin ta bi jikin bindigar. Bugun da aka auna mata shi ne na harsashin soja, irin wanda ake kira M2, mai kan da bai kai giram 10 ba, da albarushi mai matsakaicin saurin ci, irin IMR 4895 da gwamnati ta yi ta amfani da shi a lokacin yaƙi.

Bayan yaƙi masana'antu suka fito da albarusai masu jinkirin ci, domin bindigar farauta mai sakatar hannu ta jefa harsashi mai nauyi nesa. Irin wannan albarushi ba lallai ya wuce ƙa'idar matsi a gindin bututu ba, shi ya sa yake yaudara. Abin da yake yi shi ne riƙe ƙarfinsa har kusa da baki, daidai inda hudar take. Bindigar farauta ba ruwanta, ba ta da huda. Garand kuwa sandarta ce ke shan dukan. Ba a ganin ɓarnar rana ɗaya. Sanda ta fara gogar katako, bindiga ta fara tsallake harsashi, saiti ya lalace, wani lokaci har bayan gidan sakata ya tsage saboda yadda ake maka masa ƙarfe. Ga shi sandar asali an daɗe da daina ƙera ta.

Akwai masu gardama, suna cewa an zuzuta abin, bindiga mai isasshen maiƙo da lafiyayyen sifirin tana jure fiye da yadda ake faɗa. Ba su rasa hujja ba. Amma a 2021 ita kanta CMP, wadda ta fi kowa riƙa waɗannan bindigogi, ta fitar da gargaɗi cewa kada a sa musu harsashi mai matsi fiye da kima kuma mai kan da ya wuce nauyin giren 172 zuwa 174 (giren ƙaramin ma'auni ne, ba giram ba), tana tunatar da mutane shekarun ƙarfen. Ni dai a wannan gardama ina bayan mai tsoro. Wanda ya yi daidai a cikin masu jayayya, ribarsa 'yar ƙarin gudun harsashi ce da takardar saiti ba za ta ma lura ba. Wanda ya yi kuskure, fuskarsa ce a jingine da ƙarfen.

Lalacewar sanda asarar kuɗi ce. Abin da ke kai mutum asibiti yana gindin kwanso. Allurar da ke saran makunni, wato abin da ke kunna albarushi a gindin kwanso, a Garand sake take, babu sifirin da ke riƙe ta baya. Duk lokacin da sakata ta rufe da ƙarfi, allurar takan zabura ta ɗan taɓa makunnin. In ka fitar da harsashin da ba a harba ba za ka ga ɗan tabo a tsakiyarsa. Soja sun san da haka, shi ya sa makunninsu mai tauri ne. Mai cikawa a gida da ya sa makunni mai laushi, ko ya bar shi ya ɗan ɗago sama da gindin kwanso, ya ɗana wa kansa tarko: bindiga na iya tashi ba a taɓa kunama ba. In sakata ta riga ta kulle, an tsira da firgita. In ba ta kulle ba, kwanson yakan fashe a fili, tagulla da katako su watsu kusa da ido. Saboda haka tsofaffin hannu suke shafa gindin kowane harsashi da yatsa su tabbatar makunni ya nutse, suke matse kwanso gaba ɗaya ya koma girmansa na asali domin ya shige ba tare da turjiya ba, kuma ba sa jefa harsashi guda cikin bututu su saki sakata ta faɗa masa da dukkan ƙarfinta.

Sauran ƙa'idojin na kowa ne. Gwangwanin albarushi ɗaya a kan tebur, kada a yi biyu. Awo daga littafin masana'anta, wasu ma irin na Hornady sun ware wa Garand shafukanta daban, a fara daga ƙasa. Bindigar tana fizgar kwanso tun yana da zafi, don haka ba ya daɗewa. Bayan 'yan zagaye sai a zura lanƙwasasshiyar waya ciki, in an ji tsagi kusa da gindi a jefar. Maharbinmu mai bindigar toka da ke auna albarushi da yatsu ya san inda ake tsayawa, ya kuma san gidan da aka yi jinyar wanda ya ce bari ya ƙara kaɗan.

Kasuwa ma ta gane. Federal da Hornady sun fitar da harsasai da aka rubuta sunan Garand a kwalinsu, wato an koma da awo baya zuwa na soja. Wasu kuma suna sayar da murfin bututun hayaƙi mai rage bugu, ga wanda ya nace sai ya harba na farauta. Wanda ya samu tsohon harsashin soja na kafin farkon shekarun 1950 yana da wani aikin daban a gabansa: makunnin wancan zamani yana barin gishiri a bututu, gishirin ya jawo laima, tsatsa ta biyo. Mai ba ya narkar da gishiri. Ruwa ake sawa, a wanke bututu da gidan hayaƙi a ranar da aka yi harbin, a busar, sannan a shafa mai.