Masu Cewa Waƙa Haram Ce, Ku Leƙo Fadamar Argungu

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni dai marubucin littattafan nan ne da ake yi wa laƙabi da adabin kasuwa, ina taɓa rubutun waƙa, kuma ina da ɗan lambuna a fadamar Birnin Kebbi. Don haka idan wani ya ɗauki lasifika ya ce duk mai rubuta waƙa ya yi hannun riga da addini, da ni yake, kuma wallahi ban yarda ba.

Ku da ke wannan fatawa, ina kuka baro Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da ke kwance nan Gwandu kusa da mu? Littafinsa Tazyinul Waraƙati ai waƙoƙinsa ne ya tattara a ciki. Ina kuka baro Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, wadda da waƙoƙin Hausa da Fulatanci ta karantar da matan karkara ta hannun jajinta? Ina Hassanu ɗan Sabitu, mawaƙin Manzon Allah (SAW)? Na san za ku ce waɗannan ba su haɗa da kiɗa ba. To madalla, ashe saɓanin malamai a kan kiɗa yake, ba a kan baiti ba. Me ya sa kuke yi mana kuɗin goro?

Illar wannan kuɗin goro kuwa, a lambu na gane ta. Duk wanda ya yi noman rani tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ya san halin bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Ka yi sakaci da ban ruwa na 'yan kwanaki, tumatir da tattasai sun yi yaushi, amma aya-aya da kiri-kiri ko a jikinsu. Haka fagen waƙa yake. Da aka tsoratar da yaran kirki suka janye, filin bai zauna fayau ba, ciyawa ce ta cinye shi. Shi ya sa yau abin da ke tashi a wayoyin 'ya'yanmu bai wuce zambo tsakanin 'yan siyasa da kalaman da ba ka iya ji gaban surukinka ba. An ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007, shin an daina karatu? Waya aka koma, inda babu mai tacewa.

Ku kuma 'yan uwana mawaƙa, ba ku tsira ba. A 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a faɗin jihar Kebbi, magidanta suka wayi gari da bashi ba amfani. Waƙa nawa kuka yi musu? To waƙa nawa kuka yi a zaɓen 2023? Marigayi Ɗan Anace bai ji kunyar wasa manoma ba, kuma kakanninmu da gangar noma suke gayya, rago ma ya ji kirari ya zabura. Har gobe a Matan Fada da kiɗa masunta ke faɗawa ruwa, a bikin da aka faro a 1934 don ƙulla zumunci tsakanin Kabi da Sakkwato. Yanzu saurayi ya gwammace ya ja kabu-kabu a birni da a gan shi da fartanya, domin ba wanda ya taɓa gaya masa da murya mai daɗi cewa mai lambu mutum ne.

Alhali ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Musulmin da ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, an rubuta masa sadaka. Ashe mai tashi da asuba ya tada injin ban ruwa, ibada yake. Wanda ya rubuta masa baiti biyu don ƙarfafa masa gwiwa, da wane laifi za ku kama shi?

Malamai, ku zauna da mu ku nuna mana ciyawa mu cire, kada ku ce a banka wa lambun wuta. Mawaƙa, ku sauko fadama. Allah Ya sa mu dace, amin. Sai mun haɗu a ci gaban littafi.