Kafin ki biya kuɗin gida, bincika inda ruwa ke bi

 

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, asusun mata ya yi nisa. Da akuya da ɗan jarin ƙosai aka soma. Yau akwai wadda za ta haɗa rabon shekara biyu ko uku, ta ƙara da abin da ɗa ya aiko daga Yamai ko Kwatano, ta sayi fili ko gida a Filinge, Damana ko Balleyara. Alhamdulillahi. To amma akwai gidan da ke cin kuɗi sau biyu: gidan da ƙofarsa ta fi titi ƙasa, wanda in kin taho shiga sai kin gangara.

Dubi yadda ƙasarmu take. Sunan Tondikandiya ma da dutse ya fara, don "tondi" dutse ne da Zabarmanci. Tuddan duwatsu da fako na gefe, kwarin Dallol Boso na shimfiɗe a ƙasa. Fako ba ya shan ruwa, tura shi yake yi, ya bi ƙorama ya nufi kwari. Ruwan da muke samu a shekara bai cika kai milimita 500 ba, sai dai a ƴan watanni yake zuba, galibi Yuli da Agusta, wani sa'in da yawa a dare ɗaya. A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, kuma gidajen laka ne suka fi faɗuwa.

Ga lissafi irin namu na ranar zubi. Ruwan milimita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. In gidan mita 20 ne kowane gefe, aka yi ruwan milimita 50, lita 20,000 ta sauka a ciki, wato tano 100 mai cin lita 200. Wannan na gidanki kaɗai ne fa. In ƙofa ta fi titi ƙasa, sai ki ƙara da na unguwa.

Ina zai fara shiga? Zaure, shago ko gareji. Gareji ya fi muni, don ƙofarsa faɗi gare ta kuma ba a yi mata dokin ƙofa mai tsawo, saboda mota ko amalanke su shiga. Hanyar da aka gyara wa taya, ita aka gyara wa ruwa. Kuma nan ɗin muke ajiye buhun hatsi da wake, injin niƙa, keken ɗinki da kayan sayarwa. Wadda ta ci bashin asusu ta sayi hatsi don ta sayar in ya yi tsada, dare ɗaya ya isa ya bar ta da bashi ba kaya. Bashin nan kuwa kuɗinmu ne duka. Bayan haka ga gindin bango na jiƙa yana zaizayewa, ga salga ta cika ta tumbatsa cikin tsakar gida, ga sauro da gudawar yara.

Matsalar ita ce yawancin ciniki da rani ake yi, lokacin da ko'ina ya bushe. Ruwa kuwa ba ya wucewa bai bar shaida ba. Dubi gindin bango: akwai layin da ruwa ya tsaya, ko farin gishiri na tsattsafowa? In kin ga sabon yaɓe daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, sama kuma tsohon yaɓe, tambayi dalili. Dubi ƙasan ƙofar ƙarfe ko ta yi tsatsa. Yashi mai laushi da ya taru a bakin zaure, ruwa ne ya kawo shi. In maƙwabta duk sun ɗaga dakalinsu sun jera buhunan yashi, unguwar ta riga ta ba ki amsa.

Dillali la'adarsa yake nema, kada ki tsaya a kan maganarsa. Shiga wajen matan maƙwabta ki gaishe su, ki ce: "Inna, in an yi ruwa mai yawa, ina yake bi?" Masu amalanke da yaran unguwa su ma sun san inda ke zama tabki.

Ido na ruɗi a kan gangara, don haka ki je da magini ya auna. Da siririn tiyo mai haske ake yi, a cika shi da ruwa, a riƙe baki ɗaya a gefen titi, ɗayan a bakin ƙofa. Ruwan zai tsaya daidai a bakunan biyu. Sai a auna daga kan ruwan zuwa ƙasa a kowane gefe: inda ma'aunin ya fi tsawo, can ya fi zurfi. A tuna kuma titi na hawa. In aka zuba masa jar ƙasa ko kwalta, ƙofar da take daidai da shi yau ta koma rami.

Yana gyaruwa? Wani sa'in. Ana ɗaga dokin ƙofa da dakali, a yi wa bakin gareji ɗan tudun siminti, a ja kwata a gabansa ta kai ruwan gefe. Amma babbar tambaya ita ce rariya: ta ina ruwan tsakar gida zai fita? In bayan gidan ya fi ƙasa kuma akwai lungu, da sauƙi. In bangon maƙwabci ne, rigima kika saya. Cika tsakar gida da ƙasa ma sai an kula, don in ta fi daɓen ɗakuna tsawo, ɗaki ruwan zai koma. Ramin da ake cikawa da duwatsu don ya shanye ruwa na aiki a yashi, amma a cikin dallol, kamar wajajen Bonkuku inda ruwan rijiya ke kusa, ba ya jimawa yake cika.

Saboda haka magini ya faɗi kuɗin gyara tun ba ki ba da ko dala ba, a cire shi daga farashi a gaban shaidu. In rariya ba ta da mafita, ki haƙura, ko nawa aka rage miki. Araha ba ta ado. Wadda ke da halin jira, ta bari sai Agusta ta je washegarin ruwa ta gani da idonta. Ranar biya kuma a rubuta takardar sayarwa da sunanki, mai gari ya sa hannu, a kai ta hukumar filaye ta Kofo ko ma'aikatar magajin gari.

Shawarata ga ƙungiyoyi: duk wadda za ta sa rabonta ko bashi a gida, a haɗa ta da mata biyu su raka ta dubawa. Ido shida ya fi biyu.

Allah ya sa albarka a asusu. Sai fitowa ta gaba.