Babbar Riga a Teburin Kyaftin

Akwai wata tambaya da ke yawo a tsakanin 'yan uwanmu da Allah ya buɗa wa, musamman mazauna Ingila da Amurka da masu zuwa hutu Dubai. Mutum ya sayi tikitin jirgin ruwan yawon shaƙatawa, sai ya ga an rubuta cewa akwai daren da kowa zai yi shigar alfarma kafin ya shiga ɗakin cin abinci. To me zai sa? Amsar da aka fi ba shi ce ke ba mu takaici: wai ya je ya yi hayar baƙar kwat, ya nemi ɗan ƙyallen nan da ake ɗaurawa a maƙogwaro mai kama da malam-buɗe-littafi, don kada ya ji kunya cikin mutane. Mu dai shawararmu ita ce ya buɗe akwatinsa ya ɗauko rigar da ya yi Sallah da ita.

Ga wanda bai san harkar ba, waɗannan jirage unguwanni ne a kan teku. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja sama da 7,000, ban da ma'aikata. A tafiyar kwana 7, kamfanoni da yawa sukan ware dare biyu na kwalliya. A daren ne kyaftin kan fito ya gaisa da jama'a, masu hoto su kafa fitilunsu a bakin matakala, a kawo abincin da ya fi na kullum. Kamfanin Cunard, mai jirgin Queen Mary 2 da ke zirga-zirga tsakanin Southampton da New York tun 2004, yana cikin waɗanda suka fi riƙe al'adar da gaske. Wanda bai ga damar yin shigar ba, ba za a bar shi da yunwa ba, sai dai ya nufi sashen da kowa ke ɗibar abinci da kansa.

Sai mu tambayi asalin ita wannan kwat da ake tsorata mu da ita. Taksido, kamar yadda Amurkawa ke kiranta, tufar wasu mutane ce a wani zamani, kamar yadda kowace tufa take. A 1865 telolin Henry Poole da ke layin Savile Row a Landan suka ɗinka wa Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, wata gajeriyar kwat ta cin abincin dare a gida, domin ya huta da doguwar nan mai jela. Sunan kuma ya samo asali ne daga Tuxedo Park, matattarar attajirai a jihar New York, inda aka fara yayinta wajen 1886. Ke nan abin da ake ɗauka a yau ƙololuwar shiga, a farkonsa rigar shan iska ce ta ɗan sarki.

Da ta hau jirgin ruwa kuwa, aikinta shi ne raba mutane. A Titanic, wanda ya nutse a 1912, fasinjoji aji uku ne. Na sama su ne ke canza kaya idan an busa ƙahon cin abinci, na ƙasa kuwa, masu ƙaura zuwa Amurka neman abinci, suna can da tufafin da suka baro gida da su. Iyayenmu da kakanninmu da suka hau Aureol, jirgin kamfanin Elder Dempster da ya fara jigila tsakanin Liverpool da Legas a 1951, sun ga ragowar wannan duniya da idonsu. A yau an rushe katangar ajin a yawancin jirage, amma tsoron ya saura a zukata. Har yanzu akwai mai jin cewa sai ya yi kama da mutanen bene sannan zai cancanci kujera.

Abin mamakin shi ne su kansu masu jiragen ba su nemi haka daga gare mu ba. Kamfanonin Ingila irin su Cunard da P&O suna karɓar tufafin ƙasa na alfarma a daren kwalliya. Shi ya sa mutumin Sikotland yake shigowa da bujensa na gargajiya mai zane-zane, gwiwoyi a waje, ana ta ɗaukarsa hoto. Ba'indiya ta naɗo sari, ba wanda ya ɗaga gira. Idan namiji da buje ya wuce ƙofa ana tafa masa, wane dalili ne zai hana mai aska takwas?

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce ai Bahaushe ne da kansa ya ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Gaskiya ne, kuma muna tare da karin maganar. Sai dai a duba mece ce jelar a nan. Abin da jama'ar wannan dare suka haɗu a kai shi ne kowa ya mutunta taron da mafi kyawun abin da ya mallaka. Wanda ya sa babbar rigarsa ya ɗaura jelar, har da ƙari. Wanda kuwa ya yi hayar kwat da ba a gwada jikinsa ba, hannu ya ɗage, kafaɗa ta zubo, wuya ya shaƙe yana ta jan numfashi kamar ragon layya, shi ne ya fita daban. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma a ƙarƙashin fitilun nan masu haske kowa yana ganin inda katarar ta leƙo.

Ba yau aka fara kai babbar riga zauren manya ba. A watan Oktoba na 1960, Sa Abubakar Tafawa Balewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya da rigarsa da hularsa ranar da aka karɓi Najeriya. A 1961 ya je Washington wurin Shugaba Kennedy da irin wannan shiga. Hotunan suna nan, duk mai waya zai iya nemo su ya duba wanda ya fi cika ido. Rigar da ta ishi Fadar White House ba za ta gaza a ɗakin cin abincin jirgin 'yan hutu ba.

A kuma kwatanta aikin da ke jikin tufafin biyu. Kwat ɗin haya daga masana'anta ta fito, irinta dubu. Rigar aikin hannu ta Zariya ko Kano ko Bida tana cin makonni, wani lokaci watanni, a cinyar mai ɗinki, allura ɗaya bayan ɗaya. Hular zanna ma haka. Wani zai ce to ai shaddar taku ma daga Turai take, Getzner a Ostiriya ake saƙa ta. Haka ne, kuma wannan bai dame mu ba. Yadi ya daɗe yana ratsa Sahara da teku yana zuwa kasuwar Kurmi. Yanka da ɗinki da bugu da yadda ake saɓa ta a kafaɗa, su ne suka mai da ita tamu.

Matsalar ta fi tsanani ga mata. Ana nuna musu hotunan dogayen rigunan dare masu buɗaɗɗen baya, sai mace ta shiga damuwa tana ganin ko dai ta saki suturarta ko ta kulle kanta a ɗaki. Babu dokar jirgin da ta ce sai an bayyana jiki. Leshi mai kyau da ɗaurin kallabi da mayafin da ya dace, ko lafaya irin ta Barno, ko abaya mai aiki, duk sun cika sharaɗi. Matar da ta saba shiryawa dinar biki a Kano ko Damagaram ba ta buƙatar wani ya koya mata kwalliya.

Akwai kuma wani ɓangare da ba za mu ƙyale ba, wato 'yan "ai da kuɗina na zo". Su ne masu shigowa da gajeren wando da silifas su zauna kusa da tsohuwar da ta shekara tana tanadin wannan tafiya. Kamfanoni sun daɗe suna lallashinsu. Norwegian Cruise Line ya saki dokar tun 2000, Celebrity ya sassauta tasa a 2015, kuma sauran suna ta rage tsauri. Mun yarda cewa akwai kasuwanci a cikin daren, domin hotunan da ake ɗauka sayar da su ake yi, kuma ba da araha ba. Amma sayar da hoto bai mai da mutunta taro wauta ba. Masu kawo abincin nan, galibinsu 'yan Filifin da Indunusiya da Indiya, watanni suke yi ba su ga iyalinsu ba, kuma kowane dare suna tsaye cikin gogaggun kaya. Wanda ake yi wa hidima ya fi cancanta da ya kimtsa. Saboda haka kada wani ya fake da maganarmu ya sako jallabiyar barci ya ce tufar ƙasa ce. Abin da ba za ka sa ka je ɗaurin auren 'yar yayanka da shi ba, kada ka kai shi teburin kyaftin.

Ga mai shirin tafiya, abin da sauƙi. Ya karanta ƙa'idar kamfaninsa kafin ya ɗaure kaya, domin kowane da tasa. Kaya kala biyu sun isa tafiyar mako: babbar riga da 'yar ciki da wando ga dare ɗaya, kaftani mai aiki ga ɗayan, da hula da takalmi sau-ciki. Ya sani ba a yarda da dutsen guga a ɗakunan kwana ba saboda tsoron gobara, sai dai a ba masu wankin jirgi. A nan ma shadda ta yi zarra, tunda idan ta sha bugu aka ninke ta, layin ninkin ma ado ne. A teburi ya tattare hannun riga kafin ya miƙa hannu, in kuma ya fita sama shan iska ya riƙe hularsa, don iskar teku ba ta san mai sarauta ba.

Yaranmu da ke tashi a Landan da Houston suna kallon abin da muke sawa idan an ce yau ranar girma ce. Idan kullum suka ga mun ajiye namu a ƙasan akwati mun ari na wani, sun gama karatu, ba sai an ƙara musu bayani ba. A sa rigar, a kafa hular, a sauko matakalar a hankali. Mai hoto zai san aikinsa.