Faifan Garth Brooks da haƙƙin makaɗan Arewa

A watan Satumba na 1991, sa'ad da hankalin 'yan Nijar ya tattaru kan Taron Ƙasa a Yamai, wani mawaƙi ɗan jihar Oklahoma ta Amurka, Garth Brooks, ya fitar da faifansa na uku, Ropin' the Wind. Irin waƙarsa, wadda ake kira kantiri, ta mutanen karkara ce: manoma, makiyaya da direbobin manyan motoci. Amma tun satin farko faifan ya zo na ɗaya a jerin fayafayan da suka fi kasuwa na mujallar Billboard, abin da wani faifan kantiri bai taɓa yi ba. Ya yi sati 18 a wannan matsayi, daga baya cinikinsa ya kai miliyan 14 a Amurka kaɗai.

Me ya kawo haka? Ƙidaya. A da, masu kantuna ake tambaya, kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Daga watan Mayu na 1991 aka koma ga tsarin SoundScan, wanda ke rubuta duk faifan da aka biya kuɗinsa. Nan take ta bayyana cewa waƙar karkara ta daɗe tana ciniki, lissafi ne ba a yi mata.

To, ina labarin Arewa? Daga kasuwar Dogon Dutsi zuwa Matankari, Kore Mairuwa da Tibiri, babu tashar da ba a jin gurumi, goge ko kiɗan 'yan kokowa. Jiya a kaset ake kwafar su, yau a katin salula, har su tsallaka iyaka zuwa Kabi da Sakkwato. Mai kwafa ya samu, mai shayi ya tara jama'a, ɗan siyasa ya cika filin gangami. Makaɗin fa? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Babu wanda ya rubuta sau nawa aka sayar da muryarsa.

Wasu za su ce ai makaɗi da kyautar biki yake rayuwa, kuma kwafar ce ke yaɗa sunansa. Gaskiya ne, muddin yana da lafiya. Ran da murya ta dushe, gayya ta tsaya, waƙar tana nan tana ciyar da wasu, mai ita ko kuɗin magani ya gagare shi.

Ba doka aka rasa ba. Tun 1993 Nijar ta kafa dokar kare haƙƙin masu fasaha, a 1995 aka ƙirƙiro hukumar BNDA don karɓo musu rabonsu. Ba kuma masu saye aka rasa ba. A 2013 Bombino, ɗan Agadas, ya fitar da faifansa Nomad da ya ɗauka a Nashbil, cibiyar waƙar kantiri, ya kuma zo na ɗaya a jerin Billboard na kiɗan duniya.

Abin da ya rage aikin gida ne. Masu ɗora waƙa a kati su riƙe littafi, su ware wa makaɗi ko da dala ɗaya a kowace ɗorawa. Magadan gari, da suka san kowace rumfa ranar karɓar kuɗin kasuwa, su taimaki BNDA ta san masu wannan sana'a. Attajiran Arewa kuma su kai makaɗan yankin ɗakin ɗaukar murya bisa yarjejeniya rubutacciya. Ɗan kasuwar da ba ya ba da buhun wake ba tare da ya rubuta ba, ya fi kowa sanin dalili.