Haɗa Hanta da Jini Ba Ya Kai Mutum Fadar Amurka

Duk lokacin da zaɓen shugaban ƙasa ya gabato a Amurka, jama'a kuma suka ƙosa da husumar da ke tsakanin Dimokurat da Rifablikan, sai ka ji an ta da tsohuwar mas'alar nan, cewa me zai hana a ɗauko dattijo guda daga wannan ɓangare, a haɗa shi da wani daga wancan, su tsaya takarar indifenda, ɗaya shugaba, ɗaya mataimaki. Magana ce mai daɗin ji, niyyar masu yinta kuwa galibi kyakkyawa ce, amma wanda ya yi nazarin tarihin ƙasar zai tarar an riga an jarraba ta.

A shekarar 1980 John Anderson, ɗan majalisar wakilai daga Illinois, ya raba gari da Rifablikan, ya ɗauko Patrick Lucey, tsohon gwamnan Wisconsin kuma ɗan Dimokurat, ya zama mataimakinsa. Da farko abin ya yi armashi, har ɗan takarar Rifablikan, Ronald Reagan, ya yarda ya yi muhawara da shi a Baltimore, alhali Shugaba Jimmy Carter ya ƙi halarta. Amma da aka ƙidaya ƙuri'u a watan Nuwamba, bai kai kashi 7 cikin ɗari ba, ko jiha guda bai ci ba.

Illar ba daga halin mutanen biyu take ba, daga ƙa'idar zaɓen take. Wakilai 538 ke naɗa shugaba, sai mutum ya sami 270, kuma in ban da Maine da Nebraska, kowace jiha wanda ya zo na ɗaya take miƙa wa wakilanta kaf, ko da ƙuri'a guda ya yi rinjaye. Saboda haka ne Ross Perot, ɗan takarar indifenda wanda ya kashe dukiya mai ɗimbin yawa a 1992, ya sami kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'u, ya tashi ba wakili ko ɗaya. Mai jefa ƙuri'a kuwa ba gafili ba ne: yana tune da Florida a 2000, inda tazarar George Bush da Al Gore ta kasance ƙuri'a 537 kacal, Ralph Nader, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya, kuma ya kwashe fiye da 97,000, don haka in ya shiga rumfa sai tsoron wanda ya ƙi ya rinjayi son wanda yake so.

A ƙaddara ma masu irin wannan haɗi sun ci jihohi kaɗan, sun hana kowa cika 270. Hukuncin sai ya koma majalisar wakilai, kowace jiha ƙuri'a guda, waɗanda za su yanke shi kuwa 'ya'yan jam'iyyun nan ne da aka yi wa tawaye. Ƙungiyar No Labels, mai neman tsayar da irin wannan haɗi, bayan ta sha wahalar shigar da sunanta takardun zaɓe jiha-jiha, ta janye a Afrilun 2024 don ta rasa wanda zai karɓi tutar.

Mu a Nijeriya, sashe na 131 na tsarin mulkin 1999 ya shar'anta sai jam'iyya ta tsayar da mutum, kuma masu neman a sauya shi suna da hujja. Sai dai su sani, halatta takara daban, cin zaɓe daban. A ra'ayina, muddin ƙa'idar Amurka tana nan yadda take, irin wannan haɗi yana iya kayar da wani, amma ba zai ci ba.